Waya, Mai Madubi ko Marar Madubi: Da Wanne Za Ka Tunkari Fuskar Mawaƙi?

Wani ƙanena a sana'a, mai ɗan shagon hoto a Birnin Kebbi, ya same ni bayan la'asar da tambayar da ta hana shi barci. Shekara biyu yana tara kuɗi daga hotunan biki da na fasfo, ga shi kuma mawaƙa sun fara nemansa: wannan yana son fosta, wancan yana son hoton da zai sa a YouTube, har wani mai jita daga Nijar da ke shigowa ta Kamba in an yi babban biki. Ya ce, "Yaya, waya zan canja, ko in sayi tsohuwar Canon mai madubi ta hannu, ko in ƙara haƙuri in kai ga Sony marar madubi?" Amsar da na ba shi a ranar gajera ce. Wannan ita ce doguwar, don shi da duk wanda ke tsaka mai wuya irin tasa.

Kafin a zo kan kaya, sai an san irin aikin. Mawaƙin da ya yi suna ba amarya ba ce da za ta zauna maka awa guda tana gyara mayafi. Yana zuwa da 'yan amshi da maroƙa da direba, motarsa a kunne, kuma ya riga ya saba da kyamara, yana da wata fuska da ya tanadar mata. Aikinka shi ne ka samo ta bayan wannan, kuma cikin minti biyar. Duk abin da za ka saya, a kan wannan minti biyar ɗin za ka auna shi.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko sauri. A manyan wasannin kiɗan rok na Turai da Amurka akwai ƙa'idar da masu hoto suka sani: waƙa uku na farko kawai za ka ɗauka, ba filash, sannan a fitar da kai. Mu a nan ba a rubuta ƙa'idar ba, amma haka abin yake. Na taɓa jiran wani dattijon makaɗin fada tun hantsi har azahar a wani zaure a Argungu. Da ya fito ya zauna, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Ɗana, yi maza, tahiya na gabanmu." Ɗauka bakwai na samu.

Na biyu haske. Zaure, bayan dandamali, ɗakin otal, ƙarƙashin rumfa da dare: wuraren da mawaƙi ke tsayawa ke nan, kuma duk hasken cikinsu kaɗan ne.

Na uku, kuma wanda na fi ba muhimmanci, fuskar ta fito yadda Allah ya yi ta. Fatarmu baƙa ce, rigar fari ce fat, hula ko rawani ya jefa inuwa a kan ido. Injin da ya ruɗe a nan zai ƙona rigar ko ya binne fuskar.

Sai juriya: ƙurar hunturu, zafin Maris zuwa Mayu da ke haura 40 a ma'auni, da ɗaukewar wuta. Sai kuɗi. Sai haɗari, wato ɓacewar hoto, sata, da halin hanya.

A kan ɓacewar hoto ina so in ɗan tsaya. Ranar 8 ga Disamba 1980 mai hoto Annie Leibovitz ta ɗauki mawaƙi John Lennon da matarsa a gidansu a New York don mujallar Rolling Stone. Da daren ranar aka harbe shi a ƙofar ginin. Hoton ya fito a bangon mujallar a Janairu 1981. Ba wanda ya san wane zama ne na ƙarshe. Dubi manyan makaɗanmu na wannan yanki: Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Sani Sabulu Kanoma. Muryoyinsu suna cikin kowace waya, amma hotunansu da ke yawo 'yan kaɗan ne, yawanci a dushe, an kwafa an sake kwafa har ido ya narke. Wannan yana mini ciwo, kuma shi ya sa ba na ɗaukar maganar ajiya da wasa.

Zaɓi na farko: waya mai kyau

A sauri ba ta da na biyu. Tana aljihu, ba ta tsorata kowa, kuma dattijon da zai ɗaure fuska in ya ga babbar kyamara yakan saki jiki a gaban waya, tunda jikokinsa ma da ita suke ɗaukarsa. Ka ɗauka, ka gyara, ka tura, duk a tsaye. Ba sai ka koyi komai ba, kuma in ta lalace mai gyara yana nan cikin gari.

Matsalar tana cikin fuska. Babban idon yawancin wayoyi faɗinsa ya yi daidai da 24mm zuwa 26mm, wato an yi shi ne don ya kwaso wuri da yawa. In ka matsa kusa don fuska ta cika hoton, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Maganinsa shi ne wayar da ke da ido na biyu mai janyo nesa, ninki 2 ko 3, irin na wasu iPhone Pro ko Samsung Ultra. Na iPhone 13 Pro, misali, ya yi daidai da 77mm, tsayin da ya dace da fuska. Amma wannan ido na biyun yana da raunin gani a duhu, to ka ga inda ka fi bukatarsa nan yake gazawa.

Sannan waya tana da shisshigi. Ba hoto ɗaya take ɗauka ba, tana haɗa da yawa ne ta goge abin da take ganin aibu. Na ga ta shafe tsagar fuskar wani Bakabe har ta koma kamar inuwa, ta haska masa fata kamar ya yi shafe-shafe. Tecno sun yi ƙoƙari wajen saita kyamarorinsu don baƙar fata, Google ma ya yi haka tun daga Pixel 6 a 2021, kuma an ga bambanci. Duk da haka ka shiga saiti ka kashe duk wani abin gyaran fuska. Tsarin nan da ke dusar da baya ma ka yi hattara da shi: lissafi yake yi ya yanke gefen mutum, sai ya ci bakin hula, ya ɓatar da tsirkiyar jita, ya mayar da igiyoyin kalangu hayaƙi. Ga mawaƙi kuwa kayan kiɗansa rabin hotonsa ne.

A juriya, waya ba ta shan ƙura sosai, amma tana zafi a rana har ta ƙi ɗauka. Haɗarinta biyu: ita ɓarawo ya fi so, kuma in ta tafi ta tafi da hotuna da lambobi gaba ɗaya. Ajiya a intanet tana taimakawa, sai dai mutanen Zamfara ba su manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar. Ka riƙa kwashe hotuna zuwa wani wuri da hannunka ke iya taɓawa. In za ka tura wa mai buga fosta ta WhatsApp, tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse hoton.

Zaɓi na biyu: tsohuwar kyamara mai madubi, ta hannu

Nan zan fi daɗewa, don nan ne nake ganin kuɗin talaka ya fi yin aiki.

Ina nufin kyamarar da ke da madubi a ciki mai nuna maka abin da za ka ɗauka, irin su Canon 6D da 5D Mark III, duka na 2012, da Nikon D750 ta 2014. Lokacin fitowarsu 6D ta kai dala 2,099, D750 dala 2,299, 5D Mark III kuwa dala 3,499. Yau da manyan masu hoto suka koma marar madubi, kamfanonin ma suka mayar da hankali can, waɗannan sun cika kasuwar gwanjo, farashinsu ya faɗo ƙwarai, har takan yiwu ka samu ɗaya da gilashinta na gaba a ƙasa da kuɗin sabuwar babbar waya. Tsufa bai rage musu ido ba. Sensar da ke cikinsu, wato farantin da ke karɓar haske ya zama hoto, 36mm ce a 24mm, ta ninka ta waya sau da yawa, shi ya sa take tara haske a zaure ba tare da ta ƙirƙiro abin da babu ba. Megafiksel 20 na 6D ya isa a buga hoto mai inci 18 a 12 tsaf, fosta da bana kuwa sun fi haka girma ba matsala, tunda daga nesa ake kallonsu.

Sirrin yana ga gilashin gaba, wanda masu sana'a ke kira lens. Kada ka yarda da wanda ake haɗowa da kyamara mai zuƙowa da mayarwa. Nemi 50mm f/1.8, wato mai buɗewa sosai ya sha haske; na Canon da ya fito a 2015 dala 125 aka sa masa, kuma da wuya ka samu abin da ya fi shi riba a wannan sana'a. In hali ya yi ka ƙara 85mm f/1.8. Da 85 za ka tsaya taku huɗu ko biyar daga mutum, nisan da ya dace da ladabi in babba ne, fuska ta fito daidai, baya ya narke da kansa, kowace igiya ta kotso tana nan a wurinta.

Ga abin da ya faru a zauren Argungu da na ambata. Na zaunar da Baba kusa da ƙofa, ba cikin rana ba, a bakin inuwa inda hasken waje ke shigowa ta gefe. Na ba wani yaronsa farin kwali ya riƙe a ɗaya gefen. Na auna hasken a kan kuncinsa, ba a kan riga ba, na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, don in ceto aikin wuyan rigar daga baya. Shida na farko fuskar taro ce. Sai na tambaye shi wa ya fara ba shi ganga. Ya dubi ƙasa, babban yatsansa yana shafa fatar gangar inda ta yi baƙi don shekaru, sannan ya ɗago. Na bakwai ɗin shi ne yake rataye a ɗakinsa.

Ba sabon abu na yi ba. Mai hoto Seydou Keïta na Bamako da hasken rana da zane mai ado a baya ya yi yawancin aikin da duniya ke girmamawa yau. Anton Corbijn, ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana ɗaukar ƙungiyoyin mawaƙa U2 da Depeche Mode, sunansa ya fito ne da hotuna baƙi da fari masu tsakuwa-tsakuwa, mafi yawa da hasken da ya tarar a wurin.

A juriya waɗannan jakunan aiki ne. Batir ɗaya na 6D yana kai ɗauka 1,090 a gwajin kamfani, na D750 1,230. Da batir biyu za ka yi kwana uku a bikin kamun kifi ba ka nemi soket ba. Madubi da labulen ciki, wanda ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, suna rufe sensa in ka cire gilashi, don haka ƙura ba ta faɗa mata kai tsaye.

Rauninsu shi ne saiti, wato kama inda hoto zai fito da kaifi. 6D tana da wuraren kama saiti 11 ne kawai, na tsakiya ne abin dogara, duk da shi ɗin yana gani a duhu sosai. Dole ka ɗora shi a kan ido, ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton, sannan ka danna. A f/1.8 in mawaƙi ya ɗan rausaya, saitin ya koma kan hanci ko kunne. Wannan hannu ne ke koyonsa, kuma yana cin watanni. 5D Mark III mai 61 da D750 mai 51 sun fi sauƙi. Waɗannan biyun kuma suna da ramin memori biyu, kowane hoto ya shiga wuri biyu a lokaci guda. 6D ɗaya gare ta. Ga wanda ya ji abin da na faɗa a kan ɓacewar hoto, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da shi.

Haɗarin saye shi ne na duk kayan hannu. Labulen ciki yana da adadin bugun da aka ƙiyasta masa: 100,000 a 6D, 150,000 a sauran biyun. Sa a duba maka nawa ya buga kafin ka biya. Nikon da kansa ya taɓa sanar da gyaran labulen wasu rukunin D750, to ka tambaya ko an yi wa taka. Haska tocila cikin gilashi; wanda ya zauna a danshin Legas yakan yi fumfuna kamar saƙar gizo. In ta lalace kuma sai Kano ko Kaduna ko Legas. Sannan babbar kyamara a wuya tana jan ido a hanya da shingayen bincike. Ni a tsohuwar jakar makaranta nake sa tawa, kuma ba na fito da ita sai na isa.

Zaɓi na uku: marar madubi

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Sony A7 III, ta 2018, mai dala 1,999 a lokacin. Abin da kake biya a nan abu ɗaya ne babba: tana neman idon mutum da kanta, ta kama, ta bi shi duk inda ya juya. Sai hankalinka ya bar inji ya koma kan hira. Abin da kake gani ta cikin tagar leƙe shi ne abin da zai fito, don haka rikicin farar riga da baƙar fuska kana warware shi tun kafin ka danna. Tana rage girgizar hannu, tana da ramin memori biyu, tana caji da fawa bank, tana kuma bidiyo mai kyau, wanda mawaƙan yanzu ba sa rabuwa da nema.

Ga masu jitar Sahara ta fi kowa amfani. Tun da Tinariwen suka ci Grammy a 2012, Bombino na Agadas da Mdou Moctar suka zaga duniya, samarin da ke bin sawunsu sun ƙaru, kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya in jita tana hannu. Sai dai in rawani ya rufe baki da hanci, ido kaɗai ya rage, wani lokacin takan rikice, ka koma saitawa da hannu.

Inda take ciwo: kuɗi da ƙura. Ko ta hannu ce ta fi mai madubi tsada, gilasanta ma haka, 85mm f/1.8 na Sony ya fito a wajen dala 600. Da ka cire gilashi sensa tana tsirara, in a Disamba ne a fili to ka gayyato ɗigo-ɗigo. Ka canja a cikin mota ko ɗaki, bakinta yana kallon ƙasa, ko ma ka bar gilashi ɗaya a kai duk yini. Batir yana kai ɗauka 610 zuwa 710. Tsarinta na ɗauka shiru yana da daɗi a fada, amma a ƙarƙashin wasu fitilun LED da wutar janareta yakan jawo ratsi-ratsi a hoto. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, ko ka koma labule na gaske.

Akwai Canon RP ta 2019, mai dala 1,299, wadda ke karɓar tsofaffin gilasan Canon ta hanyar mahaɗi. Batirinta ne ƙarami, kusan ɗauka 250, ramin memori kuma ɗaya.

Masu tambayar fim saboda sun ga da shi aka ɗauki Jimi Hendrix da David Bowie: kyansa gaskiya ne, amma samunsa da wankinsa a nan wahala ce, ba kuma za ka ga abin da ka ɗauka ba sai mawaƙi ya daɗe da tafiya. Bar shi sai ka tsaya da ƙafarka.

| Ma'auni | Waya | Mai madubi ta hannu | Marar madubi |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babbar waya tana da tsada. Kana iya fara da ta hannunka | Mafi araha in an duba abin da take bayarwa | Mafi tsada, jiki da gilashi |
| Sauri | Nan take | Sai hannu ya saba | Sauri ƙwarai |
| Duhu | Rauni, tana shafe fata | Ƙarfi | Ƙarfi |
| Gaskiyar fuska | Sai an kashe gyare-gyare | Sosai | Sosai |
| Batir | Yini ɗaya ko ƙasa | Sama da 1,000 | 610 zuwa 710 a A7 III |
| Ƙura da zafi | Tana zafi a rana | Juriya | Sensa tana shan ƙura |
| Gyara | Cikin gari | Manyan birane | Manyan birane, da tsada |
| Babban haɗari | Sata, matse hoto | Tsohon labule, jan ido | Asara mai nauyi in ta ɓace |

Kowanne ka ɗauka, ware wani abu don haske da ajiya. Faifan mayar da haske, baƙin yadi kamu uku, filash ɗaya irin Godox TT600 mai cin ƙananan batura huɗu da lemarsa, memori biyu na asali, da rumbun ajiya na waje. Sanannen hoton ƙungiyar mawaƙa Queen da Mick Rock ya ɗauka, wanda ya fito a 1974, fuskoki huɗu ne a baƙin bango da haske daga sama. Ana iya gwada irinsa a shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba. Kaifin hoto ma kada ya zame maka abin bauta. A Satumba 1979 Pennie Smith ta ɗauki Paul Simonon na The Clash yana dukan dandamali da jitarsa a New York. Ita ba ta so a yi amfani da hoton ba don saitinsa ya kauce, 'yan ƙungiyar suka nace, ya zama ɗaya daga cikin hotunan rok da aka fi sani. Kuma tun kafin ka danna ku yi magana da mawaƙi ko manajansa a kan inda hoton zai shiga da ko za a sa sunanka, ko da a saƙon waya ne.

Wa ya dace da wanne

In kai yaron mawaƙi ne ko mai kula masa da shafi, aikinka hoton yau da za a ɗora yau a Facebook da TikTok, tsaya a waya. Nemi mai ido na biyu, koyi zaunar da mutum a bakin ƙofa, ka sayi faifan haske. Haka nan in yawan tafiyarka ta hanyoyin da ba ka son a gan ka da kaya mai tsada ce.

In kana ɗaukar mawaƙa a kan dandamali suna motsi, ana neman bidiyo a wurinka, kuma aikin yana shigowa har zai mayar da kuɗin cikin shekara, marar madubi taka ce. Amma in sayen jikin zai cinye kuɗin gilashi, ba lokacinta ba ne tukuna.

In kuma burinka hoton fuska ne na zama, na fosta da bango da tarihi, kuɗinka a ƙirge yake, kana aiki inda wuta ba ta da tabbas, to mai madubi ta hannu. Tsakanin ukun zan zaɓi D750 ko 5D Mark III saboda memori biyu. 6D sai in bambancin kuɗin shi ne zai ba ka 85mm.

Ƙanen nawa yana cikin rukunin ƙarshe. Na ce ya je Kano da wanda ya san kaya, ya duba bugun labule, ya haɗo da 50mm da batir biyu, canjin ya sayi baƙin yadi da rumbun ajiya. Na kuma ce kafin ya tunkari wani mai suna, ya fara da tsohon mai kalangun unguwarsu, ya yi sati huɗu yana ɗaukarsa a bakin zaure har yatsansa ya daina neman maɓalli.